Yadda muka sauya wa tsohuwar Amiga na'urar faifai a Birnin Kebbi

Amiga 500 kwamfuta ce ta gida wadda kamfanin Commodore ya fitar a 1987, kuma ba ta zo da rumbun ajiya a cikinta ba. Duk abin da za ta yi, tun daga tashi har zuwa adana aiki, sai ta hanyar faifan fulofi mai inci 3.5 da ake zura mata ta gefen dama. Saboda haka ranar da na'urar karanta faifan ta gaza, kwamfutar ta tashi daga aiki ke nan, ko da kuwa sauran sassanta lafiya lau suke. A wannan hali na sami ta kawuna: idan an kunna ta, hoton hannu riƙe da faifai yana fitowa a talabijin, alamar tana jiran faifan tashi, amma ko wanne aka zura mata sai ta yi ɗan gurnani, ta sake komawa kan hoton nan.

Kawu ya yi sana'ar ɗaukar bidiyo tun farkon kafa jihar Kebbi a watan Agusta na 1991, lokacin da Birnin Kebbi ta zama fadar gwamnati, taruka suka yawaita, kowane mai biki ko naɗin sarauta yana son a ba shi kasetinsa. A Legas ya sayi wannan Amiga, ta hannu, tare da wata 'yar akwati da ake kira genlock, wadda ke ɗora rubutun kwamfuta a kan hoton bidiyo mai tafiya. Abin da ya sa masu bidiyo a ƙasashe da dama suka rungumi Amiga ke nan, domin an ƙera ta ne yadda hotonta zai dace da tsarin talabijin, har mai ƙaramin jari ma yana iya rubuta sunan ango da na garinsu a farkon kaset. Da manhajar Deluxe Paint ta kamfanin Electronic Arts yake zana rubutun, kuma da yake haruffan da suka zo da kwamfutar ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi da kansa ya zauna ya yi musu lanƙwasa ɗigo bayan ɗigo, ya adana su. A wasu faya-fayan kuma akwai rajistar kasetocinsa, wato lambar kowane kaset da taron da ke cikinsa, daga bukukuwan unguwa har zuwa kamun kifi na Argungu da bikin Uhola na Zuru. Kasetocin suna nan jibge a ɗaki da lambobi kawai a jikinsu, kuma in babu rajistar, sai an kalli kowanne kafin a san abin da ya ƙunsa.

Shi dai bukatarsa ɗaya ce. Ya ce mini: "Ɗana, ni ka sa ta ta tashi kawai, sauran na san yadda zan yi." Na ce: "Kawu, tashinta ba zai gagara ba in Allah ya yarda, amma ku yi mini haƙuri mu fara da faya-fayan, domin ita kwamfutar tana iya jira, su kuwa kullum ƙara lalacewa suke yi." Bai so ba, amma ya amince, kuma har gobe ina ganin duk wanda zai yi irin wannan aiki da haka ya kamata ya fara. Sauya na'urar karanta faifai aiki ne da za a iya sakewa idan bai yi daidai ba, amma faifan da aka kankare masa fuska a cikin na'ura mai datti ya tafi ke nan.

Abin da ke cikin ƙoƙon robar faifan fulofi wata siririyar leda ce zagayayya, wadda aka shafe da garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu, aka manne shi da wani irin gam. Yanayinmu ba ya raga wa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zafin bazara, wanda yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, yana raunana gam ɗin. Laimar damina, musamman a gidajen da ke kusa da fadama, tana haifar da fumfuna a kan ledar. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta ƙarƙashin murfin ƙarfen komai rufewarsa. Idan aka zura faifai mai fumfuna a na'ura, dattin yana mannewa a kan kawunan karatu guda biyu da ke taɓa ledar sama da ƙasa, daga nan duk faifan da ya biyo baya sai ya fito da zane. Sababbi kuma babu, tunda kamfanin Sony, wanda shi ya ƙirƙiro wannan samfuri mai inci 3.5, ya daina ƙera shi a watan Maris na 2011, abin da ya rage a kasuwa tsohon ajiya ne.

Mutane da yawa da na yi wa maganar sun ba ni shawarar in sayi na'urar fulofi mai USB, in haɗa da laftof, in kwafe komai. Wannan ba ya yiwuwa da faifan Amiga, kuma dalilin ya cancanci a fahimce shi. Kowace fuska ta faifan tana da da'ira 80, amma inda kwamfutocin IBM da ire-irensu ke raba kowace da'ira gida 9 da tazara a tsakani, su sami kilobayit 720, ita Amiga gida 11 take jerawa a manne da juna, ta sami kilobayit 880, kuma da'irar gaba ɗaya take karantawa ko ta rubuta a lokaci guda ta hanyar wani ayisi nata, wato ɗan guntun lantarki da ke kan fanel, da ake kira Paula. Jimillar gidajen 1,760 ne, kowanne bayit 512, wato bayit 901,120. Na'urar USB ta kasuwa tsarin IBM kaɗai ta sani, idan ta ga na Amiga sai ta ce faifan ba a tsara shi ba, ta nemi izinin gogewa, kuma wanda ya danna amincewa ya hallaka abin da yake nema da hannunsa.

Abin da ya warware wannan wani ɗan ƙaramin fanel ne mai suna Greaseweazle, wanda injiniya Keir Fraser ya tsara, ya kuma saki zanensa da manhajarsa kyauta. Ana haɗa shi da laftof ta USB, a ɗaya gefen kuma a haɗa shi da na'urar fulofi ta tsohuwar kwamfutar tebur da faffaɗan kebul mai waya 34. Ba ya ƙoƙarin fahimtar abin da ke kan faifan. Yana auna tazarar lokaci ne tsakanin kowane juyin maganaɗisu da na bayansa, ya aika da ma'aunin zuwa laftof, a can ne manhaja ke fassarawa. Ya yi kama da mai kwafar tsohon rubutun ajami wanda ke zana kowane harafi da wasalinsa yadda ya gan shi, ko ya gane ma'anar ko bai gane ba, ya bar fassara ga malamai. Na yi odarsa ta intanet tare da na'urar da za ta maye gurbin ta Amiga, wani ɗan'uwa ya karɓa a Legas ya sako mini a mota. Na'urar fulofi ta kwamfutar tebur kuwa ba ta yi wuyar samu ba, domin masu gyaran kwamfuta suna da tsofaffin akwatunan da aka kwaso daga shagunan buga takardu da suka rufe. Na ɗauki biyu, na buɗe su, na goge kawunan da auduga da sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, ina kiyaye kada in ɗaga kan sama fiye da kima, domin siririn ƙarfen da ke riƙe da shi idan ya lanƙwashe ba ya komawa daidai.

Faya-fayan Kawu sun haura ɗari, a cikin kwalin takalmi da wata jakar fata. Kafin kowanne ya shiga na'ura sai na tura 'yar ƙofar da ke kusurwarsa har ramin ya buɗe, wanda shi ne kullen hana rubutu, sannan in ja murfin ƙarfen gefe, in juya cibiyar da yatsa a hankali ina duba ledar a hasken taga. Na kasa su kashi uku: masu sheƙi ba tabo, masu farin tabon fumfuna, da waɗanda zane ya riga ya zagaye su. Da masu tsabta na fara, domin su sami kawunan karatu a wanke. Masu fumfuna na bi su da ƙyalle mai laushi da ɗigon sifirit, ina juyawa ina gogewa ba tare da dannawa ba, na bar su suka bushe sarai, kuma bayan kowane ɗaya daga cikinsu sai na sake wanke kawunan. Aiki ne mai cin rai, kuma a nan ne mafi yawan lokacin ya tafi. Duk faifan da ya fara ƙara mai kama da fito a cikin na'ura, nan take nake tsayar da shi, domin wannan alama ce ta cewa garin ƙarfen yana saɓulewa daga ledar.

A wajen karatun na bi ƙa'ida ɗaya: kowane faifai a fara ɗauko ɗanyen ma'auninsa a adana a fayil nau'in SCP, daga baya a fitar da fayil nau'in ADF daga wannan, wanda shi ne hoton faifan Amiga gida bayan gida. Amfanin haka shi ne faifai mai rauni ba ya juyawa sau da yawa, kuma idan fassarar farko ba ta yi kyau ba ana iya sake ta ba tare da an koma kan faifan ba. Manhajar tana nuna adadin gidajen da ta samu cikin 1,760, da taswirar inda aka rasa. Na lura cewa faya-fayan da suka fi tsufa, masu rami ɗaya, sun fi na baya-baya riƙe amana. Da na tambayi Kawu sai ya ce a ƙarshen sana'ar tasa masu rami ɗayan sun yi wuya, ya koma sayen masu rami biyu, wato na megabayit 1.44, yana tsara su a Amiga. Ledar waɗannan tana bukatar maganaɗisu mafi ƙarfi fiye da wanda na'urar Amiga 500 ke bayarwa, shi ya sa rubutun bai zauna sosai ba tun asali. Wajen karanta su sai an like ramin na biyu da salatif, in ba haka ba na'urar kwamfutar tebur za ta ɗauke su a matsayin manya, ta saita kanta a kan abin da ba shi ne ke ciki ba.

Mafi yawa sun fito cikakku. Ɗaya daga cikin faya-fayan rajistar kuwa ya rasa gidaje kaɗan, kuma cikin rashin sa'a har da gida na 880, wanda ke tsakiyar faifan daidai, inda Amiga ke ajiye tushen jerin sunayen fayiloli. Shi ya sa ake ganinsa tamkar babu komai a ciki. Abin da ya cece mu shi ne tsohon tsarin ajiya na Amiga, wanda a kowane gida yake ware bayit 24 ya rubuta ko na wane fayil ne da kuma matsayinsa a jere, ya bar 488 ga ainihin bayanin. A zamaninsa an yi ta kukan cewa ɓarnar wuri ce da jinkiri, amma saboda shi ne manhajar DiskSalv, wadda Dave Haynie, injiniyan Commodore, ya rubuta, ta iya bin gidajen ɗaya bayan ɗaya ta harhaɗa fayilolin. Na yi wannan ne a kan kwafin ADF a cikin WinUAE, manhajar da ke kwaikwayon Amiga a laftof, ban taɓa ainihin faifan ba. Akwai wata manhajar gyara mai suna DiskDoctor da ta zo tare da Workbench 1.3, wato manhajar da ke tafiyar da Amiga, wadda Kawu ya tuna da ita ya ce a gwada, amma ita a kan faifan kai tsaye take rubutu, kuma ta yi ƙaurin suna wajen ƙara ɓarna, saboda haka na roƙe shi a bar ta.

Wani abin da kwafi na gaskiya ke tahowa da shi shi ne bairos. A gidaje biyu na farko na wasu faya-fayan, inda umarnin tashi yake, manhajar bincike ta nuna SCA, bairos ɗin da ya ɓulla a 1987, wanda ke maƙalewa a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya bi duk faifan da aka zura mata ba tare da kullen hana rubutu ba. Umarnin Install na Amiga yana sake rubuta wurin ya share shi, sai dai bai kamata a yi wa faifan wasa haka ba, domin da yawansu suna da nasu umarnin tashi na musamman a wannan wuri, kuma share shi kashe wasan ne. Na bar kwafin asali yadda yake a wata jaka ta daban, na tsabtace kwafin aiki kawai.

Sai da wannan ya kammala na juya ga kwamfutar. Na fara da akwatin wutarta, wanda ke waje, yake ba da bolt 5 da 12 da kuma 12 na kishiya. Na auna su da mita kafin in sake haɗa shi da ita, domin tsohon akwatin wuta da ya fara wuce bolt 5 yana iya ƙona ayisin da ba a ƙera irinsu yanzu. A ƙarƙashinta akwai wata 'yar ƙofa inda aka saka katin ƙarin ƙwaƙwalwa na A501, wanda ke ɗaga ta daga kilobayit 512 zuwa megabayit 1, kuma a cikin gwangwanin katin akwai batirin agogo da ya shahara da yoyo. Namu ya fara fitar da koren gishiri a ƙafafunsa. Na cire shi, na shafe wurin da ruwan binega domin abin da ke yoyon ba asid ba ne, kishiyarsa ne, sannan na bi da sifirit. Abin da aka rasa da cire shi agogo ne kawai.

Na'urar da ta maye gurbin tsohuwar ita ce Gotek, ƙirar ƙasar Sin, wadda girmanta daidai yake da na'urar fulofi ta kwamfutar tebur, amma maimakon bakin zura faifai tana da ramin filash, da maɓallai biyu, da ɗan allo mai nuna lamba uku. Ba don masu tsofaffin kwamfutocin gida aka yi ta ba. An yi ta ne domin injinan masana'antu da kekunan surfani masu kwamfuta da kibod na makaɗa, waɗanda suka fi faya-fayansu tsawon rai. Manhajar da take zuwa da ita tsarin IBM kawai ta iya, saboda haka dole a sauya mata da wata. Akwai HxC ta Jean-François Del Nero, akwai kuma FlashFloppy ta Keir Fraser ɗin nan, wadda kyauta ce, ita na zaɓa. Yana da kyau mai saye ya tambayi irin ayisin da ke ciki: na farko suna da STM32F105, bayan ƙarancin ayisi na 2021 aka koma na kamfanin Artery, kuma a cikin waɗannan AT32F435 ya fi AT32F415 yalwar ƙwaƙwalwa, shi aka fi so.

Wajen ɗora manhajar na nemi taimakon wani abokina mai gyaran waya, tunda filashin sana'arsa ce ta kullum, kuma hannunsa ya fi nawa zama a kan dalma. Ya duba fanel ɗin ya ce: "Malam, wannan ai ya fi waya sauƙi, ƙafafunsa manya ne." Ya dasa ƙananan ƙafafu a ramukan da ke bayan fanel ɗin, muka haɗa ƙafar BOOT0 da ta bolt 3.3, wanda ke sa ayisin ya tashi yana jiran sabuwar manhaja, sannan muka haɗa shi da laftof da kebul mai kan USB babba a duka ɓangarorin biyu. Wasu samfuran suna bukatar haɗi na biyu, don haka sai an duba umarnin da ya dace da ayisin da ke hannu, kuma ba a ba fanel ɗin wata wuta daban a lokacin, domin kebul ɗin kansa yana kawo bolt 5. Da aka gama muka cire haɗin, muka kunna, allon ya nuna F-F, alamar manhajar ta zauna. Sau ɗaya ake wannan wahala, domin sabuntawa ta gaba ta filash ake yi, a danne maɓallan biyu lokacin kunnawa. A zama ɗaya ya cire allon lamba ukun ya sa ƙaramin allon OLED mai nuna sunan fayil, tare da maɓallin murɗawa, domin ba zai yiwu a ce dattijo ya haddace cewa lamba kaza ita ce faifai kaza ba.

Haɗawar kanta ba ta da yawa, amma wurare uku ne ba sa yafiya. Na farko 'yar hular roba da ke haɗa ƙafafu biyu a bayan Gotek: daga masana'anta tana kan S1, yadda kwamfutar tebur ke so, ita kuwa Amiga da S0 take kiran na'urarta ta ciki, wadda take wa laƙabi da DF0, don haka sai a mayar da ita can, a bar ƙafafun da aka rubuta wa JC a buɗe, ba hula. Barin JC a buɗe yana sa ta bi tsohon tsarin Shugart, inda waya ta 2 ke sanar da an sauya faifai, ta 34 kuma ke sanar da na'ura ta shirya, saɓanin kwamfutar tebur wadda ke sanar da sauyin faifai ta waya ta 34. Wannan bambanci ne ya sa ba a iya ɗauko na'urar kwamfutar tebur a dasa wa Amiga haka kawai. Na biyu faffaɗan kebul, wanda jan layinsa dole ya fuskanci ƙafa ta 1 a kowane ɓangare. Idan aka juya shi fitilar na'urar takan kama ta ƙi mutuwa. Na uku, kuma mafi haɗari, ɗan filogin wuta mai ƙafa huɗu, domin yana ɗauke da bolt 5 da 12, Gotek kuwa 5 kaɗai take sha, kuma idan aka juya shi ko aka goce da ƙafa ɗaya ƙonewa za ta yi nan take.

Abin da ya ɗan ja mu da muhawara shi ne mazauni. Akwatin Gotek bai dace da bakin da ke gefen Amiga 500 ba, kuma abokina ya kawo shawarar a faɗaɗa bakin da zarto. Ban yarda ba. Commodore ya durƙushe tun watan Afrilu na 1994, jikin da aka yanka babu inda za a je a sayo irinsa, kuma ina so duk ranar da aka sami mai gyara tsohuwar na'urar a iya mayar da ita kamar ba a taɓa ba. Sai muka zare fanel ɗin daga akwatinsa, na je wurin masu yin allon talla aka yanko mini farantin roba mai kauri daidai da ƙasan tsohuwar na'urar, muka huda shi a inda kusoshin asali suke, muka ɗaura fanel ɗin yadda ramin filash zai leƙo ta bakin faifai. Roba na zaɓa ba ƙarfe ba domin kada ƙasan fanel ɗin ya taɓa abin da zai haɗa wuta. Wayoyin allon da na maɓallin murɗawa muka zaro ta tsagogin shan iska na sama. Tsohuwar na'urar kuma na naɗe ta a leda tare da kusoshinta, na rubuta abin da ke ciki, na ajiye.

Na tsara filash a tsarin FAT32, na zuba fayilolin ADF cikin jakunkuna da sunayen da Kawu ya rubuta a jikin faya-fayan, na zaɓi Workbench 1.3, na kunna. Hoton hannun ya ɓace, allon shuɗi ya fito. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne ba ta ƙara sauri ba ko kaɗan. Haka abin yake, domin Gotek tana kwaikwayon faifai ne mai juyawa sau 300 a minti, tana miƙa bayanin a kan ƙa'idar da Paula ta saba, kwamfutar ba ta ma san an sauya komai ba. Kuma wannan rashin sanin shi ne ya sa tsofaffin manhajoji ke aiki ba gardama. Abu na biyu shi ne shirun. Ya ce: "To ni yaya zan san tana aiki, alhali ba ta kuka?" Da kunne ya saba gane ko Deluxe Paint ta kusa gama lodi ko faifai ya fara gardama, har da 'yar ƙwanƙwasar da Amiga ke yi lokaci-lokaci idan babu faifai a ciki. FlashFloppy ta tanadi wannan: ana haɗa 'yar ƙaramar lasifika a ƙafafun JB, ta riƙa yin ƙara duk lokacin da kan karatu na ƙarya ya matsa daga da'ira zuwa da'ira. Muka sa masa. Haruffansa masu lanƙwasa sun fito yadda ya zana su, rajistar kuma na fitar da ita daga ADF zuwa laftof na buga masa a takarda.

Matsala ɗaya da ta biyo baya daga filash ta zo. Wanda na fara sakawa irin mai arahar nan ne da ake rubuta wa babban adadi a jiki. Karatu yana yi, amma idan Amiga ta zo adana zane sai ta kawo saƙon kuskuren rubutu. Da na gwada shi a laftof sai na tarar abin da yake iya ɗauka bai kai abin da aka rubuta ba. Na sauya shi da ƙarami na kirki, matsalar ta kau. Babu ma bukatar babba, tunda filash mai gigabayit 8 yana ɗaukar faifan Amiga fiye da 8,000. Sauran kiyayewar ita ce ta da: ba a zare filash ko a sauya fayil alhali fitila tana ci, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana ɓata ADF kamar yadda take ɓata faifai, shi ya sa muka ɗora kwamfutar a kan inbata ta sola maimakon layin gari ko janareta. Fayilolin manhaja na sa musu alamar karatu kawai, na kuma tanadi kwafin ADF marasa komai a matsayin sababbin faya-fayan aiki, sannan duk tarin yana da kwafi a laftof da wani a wurin ajiya na intanet.

Akwai abin da wannan sauyi bai magance ba. Kowane fayil har yanzu kilobayit 880 ne, kuma idan manhaja ta nemi faifai na biyu sai an murɗa an zaɓo shi. Wasannin da aka yi wa kariyar hana kwafi ba sa zama a ADF, sai a nau'in HFE wanda ke riƙe tsarin da'irar yadda take. Mai son rumbun ajiya na sosai a Amiga 500 sai ya nemi katin da ake sakawa ta ƙofar gefen hagu, alhali Amiga 600 da 1200 suna da mahaɗin IDE a ciki wanda ke karɓar katin CompactFlash da 'yar adafta. Gotek ɗin tana aiki da Atari ST da Amstrad CPC da BBC Micro da tsofaffin kwamfutocin IBM, amma ba ta yi wa Commodore 64 amfani, domin na'urar faifanta ta 1541 kwamfuta ce mai zaman kanta da nata ayisin 6502, sai dai a nemi SD2IEC ko Pi1541, na'urorin da ke kwaikwayonta.

A garin nan kuwa na fi tsammanin masu bukatar wannan aiki teloli ne da makaɗa, ba masu Amiga ba. Tuni wani tela mai keken surfani na kwamfuta ya aiko a tambaye ni, domin zane-zanen wuyan riga da ya tara duk a fulofi suke. Na aika masa cewa kada ya sayi komai tukuna, ya fara kawo faya-fayan a kwafe, a kuma duba ko kekensa na kilobayit 720 yake karantawa ko na megabayit 1.44, da irin mahaɗin da ke bayan na'urarsa, domin wasu kekunan siririn kebul mai waya 26 suke amfani da shi maimakon mai 34, kuma kowanne da samfurin Gotek da ya dace da shi.